Ƙaron Marana

Marana sunan garin, kuma bai yi ƙarya ba:
rana na cikin sunansa, tana kuma bisa kaina
sa'ad da na fito daga aikin dare,
ƙafafuna a kumbure cikin farin takalmi,
hannuna na ƙamshin sabulun gidan tsofaffi.

Bayan tashar bas, inda kwalta ta ƙare
hamadar Arizona ta karɓa,
akwai busasshen rafi, yashi zalla,
da wata bishiyar ƙaya da ban san sunanta ba.
Wata tara ina wuce ta ba sallama.
Ran Laraba sai ta ƙyafta mini ido:
dunƙule guda a gwiwar reshe,
jajir, kamar zuma ta daskare tana cikin gudu.

Bas ta zo, ta buɗe ƙofa, ta gaji, ta tafi.

Baba Tanimu, ga ni 'yar shekara tara
a dajin Yusufari, ƙwarya a ka,
ina sa ƙafata cikin sawunka saboda ƙaya.
Kai ka ce ba a tsaga dakwara tana da ganye,
sai ta kaɗe, sai ƙishirwa ta kai mata wuya.
Ka ɗora bakin barandami, ka zare ɓawo siriri,
ba ka taɓa zurfafawa ba.
"Roƙo muka zo, ba fashi ba."
Sannan kwana arba'in na haƙuri,
kana ƙirgawa da tsakuwa a cikin gwangwani.
Ranar tsinka, damatsanka duk zane,
hularka ta maƙale a sama, muna dariya,
mai awo kuwa a kasuwar Gashuwa
ya danne sikeli da ɗan yatsa, kana gani, ka yi shiru.

Akwai 'yar wuƙar ɓare lemo a jakata.
Na ciro ta. Na dubi reshen.
Wata tsohuwa mai jan kare, Dona Amparo,
ta tsaya, ta girgiza kai: nan ba a yanka.
Sai ta nuna dunƙulen, ta shafa maƙogwaronta,
ta ce kakarta ma da shi take kashe tari.
Na mai da wuƙar.
Abin da itacen ya bayar don kansa na ɓalle,
guda biyar, da wani ƙarami mai tururuwa a ciki.

Da azahar na kira gida, can dare ya yi.
Hoton na tsinkewa, idonka ma ya yi hazo.
"Bar nuna mini. Sa a baki."
Na sa.
"Ya kama haƙori?"
Ya kama.
"Da ɗaci?"
Kaɗan, daga baya.
"To ba dakwara ba ce. Amma 'yar ɗakinsu ce.
Ki gaishe ta."

Na ce, ina naka itatuwan?
Ka yi tari. Ka ce masu gawayi sun bi ta can.
Saura goma sha bakwai, kuma ƙafa ta ƙi.
Ban faɗa maka ba, Baba:
a bayan kwalbar lemon da nake ba tsofaffina
akwai sunan ƙaro, da ƙananan haruffa.
Na juya ta ko'ina, ban ga naka ba.

Uku na jiƙa a ruwan ɗumi
don hular Juma'ar maigidana ta tsaya da kanta.
Guda na ajiye wa Dona Amparo.
Guda na ba Hajjo da ta dawo makaranta.
Ta gartsa, ta yamutsa fuska:
"Mama, ai ba ya da ɗanɗanon komai."

Na ce, ba a tauna shi.
Ki ajiye a kunci, ki rufe baki.
Zauna nan kusa da ni.
Jira.