Amsar Gwaggo Ersilia

Fulvio, wasiƙarka ta iso ran Talata.
Na sa tabarau, na karanta ta sau uku a bakin taga.
Tambaya uku ka jero mini kamar ɗan sanda:
ina za mu kwana, ina za mu ci, me za mu kalla?
Shekara talatin da ɗaya kana ƙasar ƙanƙara,
yau kai ne ke tambayar hanyar Orvieto
wurin tsohuwar da ta yi maka wankan farko.

To, kasa kunne.
In jirgin ƙasa ya sauke ku a gindin dutse,
kada ka ɗauki shatar mota, kuɗinka za su cinye.
Ku shiga ɗan taragon nan mai hawa da igiyar ƙarfe.
Ka riƙe hannun matarka,
baƙo jiri yake ji in gari ya taso masa daga sama.

Zancen masauki.
Gidan ubanka na lungun bayan hasumiyar agogo,
Settimio ya sayar wa wasu 'yan Milano.
Sun shafe bango da farin fenti,
sun naɗe tawul kamar agwagwa sun ɗora a gado.
Na je da kaina na tambaya.
Yuro casa'in kwana ɗaya,
a ɗakin da uwarka ta kwana biyu tana naƙudarka.
Na biya na kwana uku. Kada ka yi mini musu.
In ka shiga, ka durƙusa ka leƙa ƙasan taga:
kifin da ka zana da ƙusa yana nan,
fentin Milano bai iya haɗiye shi ba.

Abinci kuwa,
ka guji duk inda aka liƙa hoton tuwo a ƙofa.
Mai hannu ba ta talla, ƙamshi ke mata shela.
Nazzareno ya rasu bara,
amma Clelia ta riƙe murhun ubanta.
Taliya take murzawa a tafin hannu,
gari da ruwa kawai, kauri kamar igiyar shanya.
Ka ce ta gasa muku tantabara da baƙin zaitun.
Ran Laraba a rufe take.
Ran nan wurina za ku ci,
wake da man zaitun ɗin bana mai ƙaiƙayin maƙogwaro,
ka ga ko harshenka ya fi ka tuna gida.

Babbar majami'a, ku bari sai rana ta karkata,
lokacin zinariyar fuskarta ke kamawa da wuta.
Da safe taron baƙi ne, kowa da sanda da waya,
suna kallon kansu, sun ba ginin baya.

Sai rijiya.
Matarka za ta so ta ƙirga: ɗari biyu da arba'in da takwas.
Matakala biyu ne suka murɗe da juna,
don jakin da ke sauka ɗibar ruwa
kada ya yi karo da wanda ke hawa.
Kullum na wuce ta sai na tuna kai da ubanka.
Rami ɗaya, ruwa ɗaya,
kowa yana jin takun ɗan'uwansa ta cikin bango,
har ya fita ba ku haɗu ba.
Yana layi na huɗu, gefen itacen da ya karkace.
Wannan ba ya cikin littafin 'yan yawon buɗe ido.
Ban ce dole ba. Na dai faɗa maka layin.

Ni ba zan sauka rijiya ba, gwiwa ta ƙi.
Zan zauna a bencin sama in riƙe muku jaka.

Ka zo da takalmi mai taushi,
duwatsun titi ba su san ka manyanta ba.
Kuma ban da cakulan, likita ya hana.
In ka riga ka saya,
to, kawo.