Bango Biyu a Gusau

Ta tagar mota na hango Dutsen Kwatarkwashi,
ya durƙusa kamar raƙumin da aka sauke wa kaya.
Na ce wa direba ya rage gudu.
Ya ce, “Kallo dai, ranka ya daɗe, ban da tsayawa.”

Sati uku aka ba ni a Gusau
in duba littattafan kuɗin wani kamfanin taki.
Kwana huɗu, kafaɗuna suka sandare.
Mai shara a masauki ya ce akwai bangon hawa cikin gari,
har guda biyu ma,
inda manya ke biyan kuɗi su yi abin da ake dukan yara a kansa.

Na farko yana saman bene, hanyar Sakkwato.
Sanyin na'ura, madubi ta ko'ina,
kiɗa na buga ƙirji kamar mai bin bashi.
Wani saurayi ya turo mini takarda in sa hannu,
bai tambayi sunana ba, balle ko na taɓa hawa.
Na danna katifarsu da ƙafa,
diddigena ya gaisa da siminti.
Na ce zan dawo.
Ni da shi duk mun sani.

Na biyu sai da na sha tambaya:
bayan tashar jirgin ƙasa, tsohon siton auduga,
fanka ɗaya, kwano na ƙara don zafi.
Bagudu ke da wurin, kafinta ne a da.
Na iske shi kan tsani da sifana a baki,
yana bin mariƙan bangon ɗaya bayan ɗaya,
yana murɗawa, yana rataya nauyinsa a kan kowanne.
Katifarsa kuwa ta shanye ƙafata har idon sawu,
ba rata tsakanin wannan da waccan.

Ya dubi tumbina, ya dubi takalmina sau-ciki.
“Cire zobe. Ga reza, rage farce.
Nan da hwaɗuwa aka hwarawa.”

Sau goma na faɗi kafin ya bar ni in taɓa bango.
Lanƙwasa gwiwa.
Kada ka tokare da hannu.
Mirgina baya kamar buhun da aka jefo daga mota.
Shekarata arba'in da ɗaya
ban taɓa samun wanda ya koya mini faɗuwa ba,
sai dai masu dariya bayan an yi.

Kore na sabon shiga ne, ja na waɗanda suka kwana biyu,
baƙi kuma na Hajo,
'yar ƙanensa, shekara goma sha ɗaya,
da ke tafiya ƙarƙashin rufi kamar tsaka.
Ta leƙo ni daga sama, ina maƙale, hannuwa na rawa,
ta ce, “Baba, ƙafa ke hawa.
Kai kana ta kokawa da katako.”

Dubu ɗaya da ɗari biyar, har da aron takalmi.
Takalmin na wari, ba zan ɓoye ba.
Garin alli ya shiga hancina, na yi atishawa a mariƙi na biyar,
na sauko ba shiri,
gwiwa a lanƙwashe.
Bagudu bai ce komai ba, ya dai gyaɗa kai.

Washegari biro ya gagare ni riƙo,
tafina ya tashi bororo uku.
Na koma da la'asar duk da haka.
Koren nan mariƙi tara gare shi;
na bar Gusau ina na bakwai.

A hanyar komawa dutsen ya sake fitowa ta dama.
Direba bai rage gudu ba, ban kuma roƙe shi ba.
Amma idona ya riga ya lalace:
ga inda zan sa ƙafar hagu,
ga tsaga daidai yatsu uku,
ga kuma ƙasa,
ba katifa.