Salsalar Injin Niƙa

A Muciya, bayan an ja ƙofar shago,
ni da kwamfuta muka rage,
sai fanka mai tari kamar tsohuwa.
Alhaji Barau ya ce kafin gari ya waye
in faɗa masa injin niƙa nawa za a haɗa
da abin da ke kwance a sito.

Na tambayi na'ura, ta ce arba'in.
Na san halinta.
Bakin tulu take gani,
ba ta leƙa ciki sai an matsa mata.

Sai na bi injin kamar mai bin salsala.
Ga uwa, ga 'ya'yanta huɗu:
mazurari, ganga, ƙafafu da bel.
Na taɓa ganga, ta haifi nata,
faifai biyu, sanda, boris.
Na taɓa faifai, jikoki suka fito
suna layi kamar ranar rabon gado.

A hawa na huɗu, can ƙasa,
inda ko mai shago bai taɓa sauka ba,
na iske wani ɗan noti, lamba goma sha uku.
Ganga tana cin takwas.
Ƙafafu, ta wata ƙofar, suna cin huɗu.
Gida biyu, ɗa ɗaya,
kowa na zaton nasa ne shi kaɗai.
Tamanin da huɗu suka saura a kwali.
Arba'in ta sunkuyar da kai, ta koma bakwai.

Na ɗauki tocila na shiga sito,
don yatsa ba ya ƙarya.
Na ƙirga a kan buhu, na sake ƙirgawa:
tamanin da uku.

Malam Tanimu mai gadi ya yi gyaran murya.
Ya ce fedar kekensa ce ta kwance
ranar Laraba, wajen gadar Kubanni,
kuma ai guda ɗaya ne tak.

Guda ɗaya ne, Malam.
Ga injin na bakwai can a jingine,
da ganga, da bel, da sabon fenti,
da mai niƙa a Giwa da ya biya rabi,
duk suna jiran abin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Hakin da aka raina, na ce a raina,
ban ƙarasa ba.
Na koma kujera na rubuta shida.
Shi kuwa ya tura kekensa waje,
fedar na juyawa lafiya lau.