Kuɗin Wuta a Tsibiri

Shekara arba'in da ɗaya ina Nima,
ɗaki biyu a bakin babbar kwata,
sai Mumuni ya gina mini gida a Tetegu.
Ya ce, Baba, ka huta da hayaniya.
Da rani muka tare. Ba wanda ya gaya mini
cewa in an buɗe bakin dam ɗin Weija
kogin Densu kan zo gaisuwa har ƙofar gida,
ya share wuri ya zauna mako uku.
Na kwanta a unguwa, na tashi a tsibiri.

A da, ƙarshen wata rana ce mai hula.
In ninke takardar wuta da ta ruwa a aljihu,
in bi layi bayan Anti Adjeley mai kifi,
mu yi ta ƙorafin tsada, rabi da Hausa, rabi da Ga,
har a zo kanmu.
A buga wa rasit hatimi, in kai shi gida,
in kwantar da shi a gwangwanin madara, kan 'yan'uwansa.

Yanzu ofis yana hayin ruwa,
gwiwata kuma ba ta ga maciji da kwalekwale.

Fusena, jikata, ta baje takardu uku a tabarma,
ta ce, Zaɓi banki.
Ni da mai susu ya riƙe wa kuɗi shekara talatin
da ɗan kati da guntun biro,
bai taɓa cin sisina ba sai na rana guda a wata.

Na farko, in ka zuba ya yanka, in ka ɗiba ya yanka,
ko atishawa ka yi da ladansa.
Na biyu ya yi ta yi mini alkawarin ruwa a kan ajiya.
Na leƙa taga, na ce ruwa kam ya ishe ni.
Na uku, da muka buga, wata yarinya ta ɗauka,
ta kira ni Salifu Tanko, ba ta haɗiye harafi ba,
ta kuma jira har na lalubo tabarau.
Shi na ɗauka.
Fusena ta ce wannan ba dalili ba ne.
Na ce da abin da bai kai haka ba na sayi mota.

Lambar sirri, in ji su, ban da ranar haihuwa.
Wace? Wadda wani akawu ya dubi haƙorana ya rubuta?
Na sa lambar tsohuwar motata mai zuwa Kumasi,
wadda ko matata na iya mantawa kafin ita.

Daren Talata mita ta fara kuka
kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa.
Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.
Sauro suka yi sallama.
Fusena ta kwana hayi, wajen uwarta.
Daga ni sai waya, sai babban yatsa
da sitiyari ya mayar kamar taɓarya.
Na danna, na kuskure. Na danna, na kuskure.
Na uku na yi bismilla.
Sidi hamsin.
Wani ɗan zobe ya yi ta kewaya kansa a gilashi,
ni kuma ina jin kwaɗi suna karatu a tsakar gida.

Sai ƙwan lantarki ya buɗe ido.

Ba hatimi, ba takarda, ba wanda ya ce na gode.
Kuɗina sun haye ruwan da ya gagare ni
ba su jiƙa ko ƙafa ba.
Na zauna ina duban fanka,
ban san ko murna nake ko kishi ba.

Da safe mai kwalekwale ya kawo burodi da kananzir.
Na miƙa masa takardar sidi ashirin,
ya ce ba canji, Baba, tura mini ta waya.
Har kai, Tetteh?

Gwangwanin yana nan a kan kabad.
Rasit na ƙarshe, watan Maris, shi ne a sama.
Jiya Fusena ta nemi ta zubar, ta sa zare da allura.
Na ce ta bari tukuna.
Gobe wata zai ƙare,
ina ta tunanin wa zai tsaya bayan Anti Adjeley,
ko zai san inda ake cewa, Ai kuwa,
in ta fara maganar kuɗin gawayi.