Faifai Uku a Shagon Zabairu

A bayan Kasuwar Dole nake gyaran rediyo,
kunnena ne jarina, ba hannu ba.
In na ce faifai bai yi ba, Mutari,
kar ka kawo mini gardamar 'yan fada.

Na farkon da ka ba ni ran Laraba,
yaron na da murya, ban hana shi ba,
amma sun lafta masa gangunan inji
kamar an zuba sukari a miyar kuka.
Waƙa ta huɗu na cire shi.

Na biyun, ita kaɗai ce da jita.
Ana jin yatsanta na zamewa kan tsirkiya,
ana jin inda numfashi ya ƙare mata,
ta bar shi haka, ba ta gyara ba.
Waƙar da take kiran ƙanenta
da ya tafi Agadas bai aiko ba
ta iske ni ina liƙa waya da dalma.
Na ƙone babban yatsa. Ga tabon.

Na ukun ka ce tsohon yayi ne,
gurmi ɗaya da dattijo mai tari.
To, daren da aka ɗauke wuta
na hau dutsen Birni da batir biyu,
na saurare shi har raɓa ta sauko.
Ya faɗi sunan rijiyar garinsu
sau uku, a hankali,
ni da ban taɓa shan ruwanta ba
sai na ji ƙishi.

Ɗauki na farkon.
Biyun nan kuwa, sai ka zo da shaidu.