Sarewa Mai Mura

Ƙarfe ɗayan dare a Unguwar Rukuba,
sanyin Jos ya shigo ta ƙasan ƙofa ya samu wuri.
Na gama jera muryoyi huɗu a kan layuka,
baƙaƙen ɗigo kamar tsuntsaye a wayar lantarki.
Na danna.

Abin da ya fito ba waƙata ba ce.
Kaushi ne da tsatsa,
sai ka ce ana suyar kifi a maƙogwaron sarewa.

Na zargi lasifika, na cire ta.
Na zargi abin kunne, na aro na Nanret.
Na rage ƙara, na kashe kwamfuta, na kunna,
har janareton maƙwabci na tsine wa,
bai ji ba, bai gani ba.

Lahadi saura kwana biyu.
Mawaƙa ashirin na jirana.

Can a gaɓa ta sha tara
na kama ɓarawon, ashe hannuna ne:
murya ɗaya na liƙa sau uku a kan kanta,
kowacce na ihu don a ji ta.

Na goge biyu.
Sarewa ta yi gyaran murya.

Daga ɗaki, Nanret da na ɗauka ta yi barci
ta soma binta ƙasa-ƙasa.