Mai Riƙe da Agogo

Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da agogon filin Mundarra,
ni Beryl, a akurkin kwano bisa tudu,
yatsana a kan jiniya.
In ana batun Errol Jelbart, ni za a tambaya.

Na san shi yana ɗan sha shida,
zanƙalele, wuya kamar na zalɓe,
yana dirowa daga motar tumakin ubansa
da ƙwallon nan mai siffar ƙwai a hammata,
wadda in ta taɓa ƙasa ba ta san ubangidanta ba.

Asabar, sanyin Yuli, motoci sun kewaye fili.
Sai ya taka kafaɗar ƙato, ya haye iska,
ya cafe ta can inda hankaka ke wucewa,
ya sauko kamar bai je ko'ina ba.
In ta ratsa tsakanin dogayen sanduna, maki shida,
ƙahon motoci ya kori tsuntsaye daga itatuwan turare.

Melbourne ta ji labari, ta aiko mai kwat.
Wasa talatin da bakwai, duk mun sha su a rediyo.
A na talatin da takwas gwiwar hagu ta ce ta gaji.
Ya dawo a jirgin dare,
ba kowa a tasha sai uwarsa da kare.

Da ciwo ya lafa ya sake sa rigarmu marar hannu.
Wasan ƙarshe, Tallowie na gabanmu da maki biyu,
ya cafe, agogo ya cika, na danna.
Ƙa'ida ta ba shi bugu ɗaya bayan jiniya.
Taku talatin. Ko tari babu.
Ta tashi, ta karkata, ta daki sanda.
Maki ɗaya.
Da kowa ya watse ya ƙwanƙwasa kwanona:
"Beryl, agogonki daidai yake,
ƙafata ce ta makara."

Daga nan ya koma bakin layi da usur a wuya.
Bai iya tsawa ba.
A hutun ƙarshe, yara na tsotsar lemo,
yakan durƙusa da gwiwa mai lafiya
ya zana musu hanya a laka da makullin mota.
Kofi biyu ya kawo mana, na uku ya suɓuce,
bai taɓa ɗora wa alƙali ba.

Sai fari ya zo ya shimfiɗa tabarma.
Alkama ta ƙi, samari suka bi hanyar birni.
A ƙirga, a sake ƙirgawa, sha takwas ba su cika ba,
har makaniki mai jika ya ɗaura takalmi.
Ƙarshe aka haɗe mu da Tallowie, su ɗin dai.
Shi ya ninke rigunan da hannunsa, ya rufe akwati.

Na ɗauka magana ta ƙare.
Ashe rijiya ba ta ƙafe ba, guga ne ya sauya hannu:
'yan mata suka zo, har da jikata Imogen.
Ga shi da furfura, yana ɗingishi a tsakiyarsu:
"Kada ki jefa ta. Ki sake ta,
kamar mai ajiye ƙwai a kwando."

Asabar da ta wuce, muna baya da maki biyu,
ƙwallo na sama, yarinyar na ƙarƙashinta,
agogo ya cika.
Yatsana ya yi nauyi.
Daƙiƙa uku na sata, karon farko a rayuwata.
Ta cafe, na danna.

Bai ko dubi sandunan ba.
Akurkina ya ɗago ya kalla,
ya girgiza kai a hankali,
ya taɓa agogon hannunsa.